Ma'aunin Bruen: Dalilin da Ya Sa Lauyoyin Amurka Ke Tonon Dokokin Albarushi

Mai bin shari'o'in bindiga a Amurka zai riƙa jin ana cewa wata doka ta ci ko ta faɗi "ma'aunin Bruen". Sunan ya samo asali ne daga hukuncin da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke ranar 23 ga Yunin 2022, alƙalai 6 da 3, inda ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da ƙaramar bindiga. Sharaɗin ya haura shekara ɗari yana aiki.

Mai shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa ƙa'ida. Idan gwamnati ta taƙaita riƙe makami, bai wadatar ta ce tana kare rayuka ba. Sai ta kawo makamanciyar dokar daga tarihin ƙasar, musamman wajen 1791 da aka amince da gyara na biyu na tsarin mulki, wanda ya ba da 'yancin riƙe makamai. Kafin nan yawancin kotuna kan auna amfanin doka da nauyin da take ɗora wa mai bindiga.

Shi ya sa aka koma kakkaɓe tsofaffin kundayen jihohi da garuruwa, kuma akwai abin gani a ciki. A 1783 Massachusetts ta hana ajiye bindiga da harsashi a cikinta a gidajen birnin Boston. A 1784 aka hana mazauna birnin New York ajiye albarushin da ya wuce fam 28, wajen kilo 13, shi ma sai an kasa shi huɗu a tuluna ko gwangwanaye. Gidajen katako ne a cunkushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. Ko garin Tombstone na Arizona a yammacin ƙasar, da aka sani da harbe-harbe, ya hana yawo da makami cikin gari a 1881.

Waɗannan dokoki sun nuna cewa ba yau hukuma ta fara sa baki a kan makami ba. Matsalar ita ce wa zai zaɓi tarihin da za a ɗauka. Tun a shari'ar Heller ta 2008, wata shari'ar bindiga da ta gabaci Bruen, alƙalan Kotun Ƙoli masu rinjaye suka ce dokokin albarushi na kiyaye gobara ne kawai. Thomas kuma, a hukuncin Bruen, ya ture dokokin yankunan yammacin ƙasar irin su Arizona, ya ce mazaunansu 'yan kaɗan ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wasu tsofaffin dokokin da suka raba mutane da makami an yi su ne don danne baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar, ga shi yanzu ana kafa hujja da su a kotu.

A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yi amfani da ma'aunin ta soke dokar tarayya da ke hana bindiga ga wanda kotu ta yi wa iyaka da matarsa ko abokiyar zamansa saboda cin zarafi. Sai a 2024, a shari'ar Rahimi, Kotun Ƙoli ta maido da dokar da alƙalai 8 da 1, ta ce ba dole sai an samo tsohuwar doka iri ɗaya sak ba, ya isa idan manufarsu da nauyin da suke ɗora wa mai bindiga sun yi kama. Wanda ya ƙi yarda shi kaɗai shi ne Thomas.