Ɓawon lemo da yawan yurik asid a jini

Tataccen ɓawon lemo shi ne abin da ake samu idan aka busar da ɓawon lemon zaƙi, lemon tsami, tanjarin ko garehul, aka niƙa, aka jiƙa a ruwa ko alkohol, sannan aka tace. Masu binciken magunguna sun daɗe suna gwada shi a kan yawan yurik asid a jini, matsalar da ke haddasa cutar gawut, wato wani nau'in amosanin gaɓɓai mai tsananin zafi, da kuma wasu nau'o'in tsakuwar ƙoda. Mafi yawan sakamakon da aka samu ya fito ne daga ɗakin gwaje-gwaje da kuma ɓeraye.

Yurik asid da tarihin gano shi

Yurik asid saura ne da jiki ke bari bayan ya sarrafa sinadaran furin, waɗanda ke cikin ƙwayoyin halittar jiki da kuma abinci kamar kayan ciki da wasu kifaye. Wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sarrafa abubuwa a jiki, mai suna zantin oksidas, wanda ya fi yawa a hanta, shi ke yin matakai biyu na ƙarshe na wannan aiki. Ƙoda na fitar da kusan kashi biyu bisa uku a fitsari, sauran kuma ya bi ta hanji. Idan yawansa ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan tsinkaye masu kama da allura. Su ne ke taruwa a gaɓa, sau da yawa a gindin babban yatsan ƙafa, har mutum ya farka cikin dare da yatsa ya kumbura ya yi ja, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi.

Masanin kimiyya ɗan ƙasar Holand Antonie van Leeuwenhoek ya hango waɗannan tsinkaye da madubin ƙara girma a wajajen 1679, amma bai san ko mene ne ba. A 1776 Carl Wilhelm Scheele, masanin haɗa sinadarai na ƙasar Suwidin, ya ware yurik asid daga tsakuwar mafitsara. Sai a 1848 likitan Ingila Alfred Baring Garrod ya nuna cewa jinin masu gawut na ɗauke da shi fiye da kima. Daga baya ya ɓullo da wata dabara mai sauƙi: ya sa zare cikin ruwan jinin da aka ɗiga wa asid, ya bar shi ya kwana, tsinkayen su manne wa zaren. Maganin allopurinol, wanda ke daƙile zantin oksidas, ya fito daga aikin masanan haɗa magunguna na Amurka Gertrude Elion da George Hitchings, aka amince da shi a Amurka a 1966.

Abin da ke cikin ɓawon

Ɓawon ya kasu biyu: fatar waje mai launi, inda man limonene mai ƙamshi yake, da farin ɓargon ciki mai ɗaci. A farin nan ne wani Bafaranshe mai suna Lebreton ya fara ware sinadarin hesferidin a 1828. Garehul ya fi yawan naringin, shi ne ma ke ba shi ɗaci, tanjarin kuwa na da nobiletin da tanjeretin. Duka ana kiran su filabonoyid. A 1936 masanin kimiyya ɗan ƙasar Hungary Albert Szent-Györgyi da abokan aikinsa sun laƙaba wa irin waɗannan sinadarai suna bitamin P, sunan da aka yi watsi da shi daga baya domin ba bitamin ba ne. A ƙasar Sin kuwa, busasshen ɓawon tanjarin da ake kira chenpi ya shafe ɗaruruwan shekaru cikin magungunan gargajiya, galibi don tari da ɓacin ciki. Na yankin Xinhui a lardin Guangdong ya fi suna.

Gwaje-gwaje

A cikin kwalbar gwaji, hesferetin, wato hesferidin da aka cire wa sukari, na rage aikin zantin oksidas, sai dai ƙarfinsa bai kai na allopurinol ba. An kuma ga raguwar yurik asid a ɓerayen da aka ba hesferetin ko tataccen ɓawo. Sai dai ɓera na da inzayim din yurikas mai narkar da yurik asid, wanda kakannin ɗan Adam suka rasa tun kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce. Don haka sai an yi wa ɓeran allurar fotasiyam oksonet an toshe wannan inzayim kafin jininsa ya nuna matsalar, kuma ciwon da aka ƙirƙiro cikin kwanaki ba daidai yake da wanda ya taru a jikin mutum shekara da shekaru ba. Ƙari a kan haka, hanjin mutum ba ya tsotsar hesferidin sosai sai ƙwayoyin bakteriya na babban hanji sun fara sarrafa shi.

Ko ɓawon na taimaka wa ƙoda wajen fitar da yurik asid, wannan ana kan muhawara.

Matsayinsa a asibiti

Ƙa'idojin Kwalejin Likitocin Amosanin Gaɓɓai ta Amurka na 2020 sun sa allopurinol a sahun farko, da burin saukar da yurik asid ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita ta jini. Ɓawon lemo ba ya cikin magungunan da suka lissafa.

Hattara

Garehul na ɗauke da sinadaran da ke hana jiki sarrafa wasu magunguna, ciki har da kolcisin da ake bai wa masu gawut, abin da kan iya sa maganin ya taru ya zama guba. Ɓawon wani nau'in lemo mai ɗaci na da sinefirin, wanda kan iya hawar da jini. Magungunan ƙwari da na hana ruɓewa irin su imazalil kuma a kan fatar waje suka fi zama.