Mene ne ginin ƙwarangwal na katako?

Salon gini ne da ake fara tsayar da ginshiƙai da gungumen katako masu kauri, a harhaɗa su har su iya ɗaukar nauyin rufi su kaɗai, sannan a zo a cike tsakaninsu da allo ko bulo ko laka. A ginin ƙasa irin namu bango ne ke ɗauke da azara. A wannan kuwa ko an rushe bangon, rufin yana nan daram.

Gwanintar tana wajen haɗin. Kafinta zai fafe rami a jikin gungume ɗaya, ya sassaƙa bakin ɗayan ya zama harshe daidai ramin, a zura, a huda, a buga turken itace ya ratsa su biyun. Babu ƙusar ƙarfe. Tsofaffin kafintocin Turai ma sukan ɗan goce hudar harshen da gangan, ta yadda turken na shiga zai janyo katakan su matse juna. A Ingila da Faransa itacen oak suka fi amfani da shi, kuma ɗanye, don ya fi daɗin sassaƙa kafin ya bushe ya yi tauri. A ƙasa ake auna komai a gwada, a sa wa kowane haɗi lamba da kurfi, sannan a ɗaga. Har yau ana ganin lambobin a jikin tsofaffin gine-gine. A 2009 UNESCO ta sa fasahar zanen awo ta kafintocin Faransa cikin al'adun gado na duniya.

Ɗagawar ba aikin mutum goma ba ne. Al'ummar Amish, wasu Kiristoci manoma masu riƙe da rayuwar gargajiya a jihohin Pennsylvania da Ohio na Amurka, har yanzu gayya suke yi: maza su taru da sassafe, mata na girki, kafin magariba ƙwarangwal ɗin rumbu ya miƙe. Rumbun nasu fa ba irin na dawa da ke bayan gida ba ne, ƙaton zaure ne da keken doki ke shiga da kaya, ga hatsi ga ciyawa ga dabbobi.

Yadda ake haɗa shi ne ya sa yake gyaruwa. Ruwa shi ne babban abokin gabarsa, ko ta rufi mai yoyo ko ta gungumen ƙasa da ke shan danshi. Idan gindin ginshiƙi ya ruɓe, sai a tokare ginin da jak, a yanke ruɓaɓɓen wurin kawai, a dasa sabon katako da haɗi mai karkata. A ganina nan ne masu aikin sa kai suke da amfani da gaske: ƙwararre ɗaya ya yi awo ya ja layi, saura su feƙe turaku, su kwashe tarkace, su ja igiya. Amma yanke shawarar wane gungume za a taɓa, wannan sai gwani.

Rumbun Harmondsworth, dab da filin jirgin Heathrow a Landan, misali ne mai kyau. Kwalejin Winchester ce ta gina shi tsakanin 1425 da 1427, tsawonsa ya kusa mita 60, kuma mafi yawan katakansa na asali ne. An yi noma da shi har shekarun 1970. Daga baya ya faɗa hannun wani kamfani da ya bar shi yana lalacewa, mutanen gari suka yi ta kuka, har hukumar English Heritage mai kula da wuraren tarihi a Ingila ta saye shi kan fam 20,000. Ƙwararru ne suka gyara rufin da katakan, ƙungiyar masu sa kai ta yankin kuma ita ke buɗe shi ga maziyarta, duk da cewa shirin ƙara wa Heathrow titin jirgi na uku yana barazana ga ƙauyen da yake ciki.