Taurarin AM CVn

Taurarin AM CVn wani rukuni ne na tagwayen taurari da suka matsu da juna ƙwarai, har ɗaya yake zuƙe iskar hiliyam daga jikin ɗan'uwansa. Wanda ke zuƙar iskar farin wada ne, wato gawar tauraron da makamashinsa ya ƙare, wanda girmansa kamar na duniyarmu ne amma nauyinsa ya kusa na rana. Suna kammala kewaya juna a cikin minti 5 zuwa kamar 65. An raɗa wa rukunin sunan na farkon da aka gano, AM Canum Venaticorum.

Tarihin gano su

Milton Humason da Fritz Zwicky ne suka fara sa tauraron a jerin shuɗɗan taurari marasa haske sosai a 1947, da lambar HZ 29. Shekara goma bayan haka Jesse Greenstein da Mildred Matthews suka rarrabe haskensa zuwa launukansa, wato bakan haske, inda kowane sinadari ke barin nasa layukan, sai suka ga abin da ba a saba ba: layukan hiliyam masu faɗi, ba alamar haidirojin ko kaɗan, alhali haidirojin ne ya fi kowane sinadari yawa a sararin samaniya. A 1967 Józef Smak, ɗan ƙasar Folan, ya lura haskensa na raguwa yana ƙaruwa kusan kowane minti 18. Cikin 1972 Faulkner da Flannery da Warner suka kawo bayanin cewa fararen wadanni biyu ne, ɗaya na cin ɗaya.

Hujjar ba ta zo da wuri ba. An daɗe ana jayayya a kan ko wannan minti 18 ɗin lokacin kewayawa ne ko kuwa kumbura da sacewar tauraro guda ne. Wani ɗan rukunin, GP Com, shi ya fara raba gardama a 1981, lokacin da Nather da Robinson da Stover suka ga layukan haskensa na kai da komo kowane minti 46 da rabi. Shi kuwa AM CVn kansa sai a 2001 Nelemans da Steeghs da Groot suka tabbatar da kewayensa na daƙiƙa 1029, wato minti 17 da ɗoriya.

Abin da bakan haske ke nunawa

Babu na'urar hangen nesa da za ta iya raba tagwayen a hoto, saboda haka abubuwa da yawa da aka sani daga bakan haskensu suka fito. A mafi yawansu, iskar da ake zuƙowa ba ta faɗawa kan farin wadan kai tsaye, faifai take yi tana zagaye shi. Gefen faifan da ke tahowa wajenmu yakan karkata layin hiliyam zuwa shuɗi, wanda ke tafiya kuma zuwa ja, kamar yadda ƙarar jiniya ke sauyawa idan mota ta wuce mutum. Shi ya sa layin yakan fito da ƙahoni biyu. Inda iskar ke dukan bakin faifan akwai wani ɗigo mai zafi, kuma motsinsa tsakanin ƙahonin ne ke ba da lokacin kewayawa. A GP Com har da siririn ƙaho na uku a tsakiya, wanda ake dangantawa da farin wadan kansa.

Siffar layukan ta danganta da tsawon kewaye. Ƙasa da minti 20 ko kusa da haka, ban da mafi gajerun kewaye, faifan na da zafi da kauri, layukan sukan fito baƙi. Sama da minti 40 sai su fito da haske. Na tsakiya kuwa haskensu yakan ƙaru kwatsam lokaci-lokaci.

Asalinsu

Ana kawo hanyoyi uku: mai ba da iskar ya kasance farin wada ne tun farko, ko tauraron hiliyam, ko tsohon tauraron da ya rasa haidirojinsa. Ana auna yawan naitirojin da kabon don tantancewa. Ba a cimma matsaya kan wadda ta fi yawa ba.

HM Cancri

Shi ne mafi gajeren kewaye da aka sani a rukunin, daƙiƙa 321 da ɗoriya. Roelofs da abokan aikinsa suka tabbatar da haka a 2010 da na'urar Keck da ke Hawai. Yana cikin waɗanda ake sa ran na'urar LISA ta Hukumar Sararin Samaniya ta Turai za ta auna girgizar sararin da suke haddasawa, idan an harba ta wajen 2035.