Hayar saba a gajimare: ta yaya ɗan Gombe zai gane wacce ta fi?

Wani ƙanena a Tudun Wada yana haɗa wa makarantu shafin duba sakamako. Ga tambayoyin da ya tare ni da su, da abin da na faɗa masa.

Yaya, wai mene ne gajimaren nan?

Kwamfutocin wasu ne kake haya ta intanet don ɗora shafinka a kai, su ake kira saba, ba wani abu ba. Amazon da Microsoft da Google sun jibge su a manyan ɗakuna masu sanyi, kai kuma kana biyan abin da ka ci, galibi da dala.

Kamfani ya ce shafina zai yi aiki kashi 99.9 cikin 100. Ai ya isa ko?

Yi lissafi tukuna. Wannan ɗan guntun da ya rage, lokacin da shafin zai iya faɗuwa, ya kai awa 8 da minti 46 a shekara, wato kamar minti 43 a wata. Kashi 99.99 kuwa bai wuce minti 53 a shekara ba. In minti 43 ɗin nan suka faɗo da ƙarfe ukun dare, babu mai sani. In kuwa ranar fitar sakamako ce, iyaye sun cika shagon intanet kowa da katinsa a hannu, wayarka ce za ta sha kira. Diyyar ma, in kamfanin ya gaza cika alkawarin, ba kuɗi ake mayarwa ba, rangwame ne a lissafin gaba, kuma sai ka nema.

To da me zan sa ido?

Wani shafin sa ido mai suna UptimeRobot yana leƙa shafinka duk minti 5 kyauta, ya aiko saƙo in ya faɗi. Amma daga ƙasashen waje yake leƙen. Saboda haka ka ɗauki wayarka, ka gwada da MTN da Airtel da Glo, da safe da kuma bayan Isha'i lokacin da layi ke cunkushewa. Ka rubuta na mako biyu.

Afirka ta Kudu a nahiyarmu take, sabar can zan zaɓa maimakon ta Turai?

Kada taswira ta ruɗe ka. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a can a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Sai dai saƙo daga Gombe yakan gangara Legas ne tukuna, sannan ya bi wayoyin ƙarƙashin teku, kuma hanyar da kamfanin layinka ya shimfiɗa ita ce mai yanke hukunci. Landan kan iya riga Cape Town amsawa. Ni a ganina, in masu shiga shafinka 'yan gida ne, ka saka sabar Legas ko Abuja cikin gwajin. Ka tuna Maris na 2024, da wayoyin teku huɗu suka lalace ta wajen Kwaddibuwa, har bankuna suka ji jiki.

Farashi fa?

Ka duba kuɗin fitar da bayanai daga saba zuwa ga masu shiga shafinka, nan ake yanka mutum. Sannan ka lissafa da canjin dalar ranar biya.