Waiwaye: Me ke dawo da dajin baki bayan an cire shi?

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon dajin baki a Zariya ya san wannan tashin hankalin: an yi tiyata, an yi gashi da hasken na'ura mai kashe daji, ƙari ya ɓace, bayan shekara guda sai ga shi ya sake tsirowa a harshe ko a dasashi. Dangi su ce sammu ne. Masana kuwa sun daɗe suna zargin wani abu mai kama da tofa, wadda manomi zai ƙone ta ƙurmus, ruwan farko ya sauka ta fito, domin saiwarta na ƙasa.

A 1953 wani likita a Amurka, Danely Slaughter, ya binciki naman majinyata 783 masu dajin baki, ya ga fatar da ke kewaye da ƙarin ma ta fara lalacewa, ko da ido na ganin ta lafiya lau. Wannan ya bayyana wani ɓangare kawai na dalilin dawowar cutar.

Babbar hujja ta zo daga Toronto a 1997. Dominique Bonnet da John Dick suka nuna cewa a dajin jini, 'yan ƙalilan ne daga cikin ƙwayoyin halittar dajin ke iya haifar da cutar idan aka dasa su a jikin ɓera. Su ne iyaye, sauran 'ya'ya ne. A 2003 aka gano irinsu a dajin mama a Jami'ar Michigan, sannan a 2007 Mark Prince da abokan aikinsa suka same su a dajin kai da wuya, wanda na baki ke cikinsa. Suna ɗauke da wata alama mai suna CD44, galibi ba su kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarin ba.

Wayonsu shi ne likimo. Magungunan daji sun fi kama ƙwayar da ke saurin rabuwa, su kuwa waɗannan sukan lafe, su fitar da maganin da ya shige su, su gyara ɓarnar da gashi ya yi musu.

Sai dai kada a yi saurin guɗa. Lafiyayyun ƙwayoyin baki ma na da CD44, don haka harbin iyayen kaɗai ba sauƙi, kuma galibin aikin yana ɗakin bincike har yau. A ganina, abin da ya fi amfanar mai shan sigari ko mai cusa garin taba a leɓe shi ne ya kai duk gyambon bakin da ya wuce mako 3 bai warke ba Asibitin Koyarwa na Shika, tun ƙarin yana ƙarami, wuƙar likita na iya kewaye shi.