Thomas J. Leonard

Thomas J. Leonard (31 ga Yuli 1955 – 11 ga Fabrairu 2003) Ba'amurke ne da ake lissafawa cikin waɗanda suka mayar da horar da mutane kan tafiyar da rayuwarsu sana'a mai zaman kanta. A wannan sana'a mutum kan biya mai horarwa su riƙa tattaunawa a kai a kai kan aikinsa, kuɗinsa da abin da ya sa a gaba.

Leonard ya fara ne da ba mutane shawara kan harkar kuɗi. A shekarun 1980 ya yi aiki a kamfanin Werner Erhard, mutumin da ya yi suna da tarukan gyaran hali na est, kuma tasirin wannan zama ya fito fili a koyarwarsa. Masu zuwa wurinsa da batun ajiya da jari sukan ɓuge da zancen aure, sauya sana'a da gajiya da aiki. Daga nan ya soma koyar da darasin tsara rayuwa a 1988. A 1992 ya kafa makarantar Coach University, wadda ya sayar wa Sandy Vilas a 1996, ya kuma assasa ƙungiyar International Coach Federation a 1995. Littafinsa The Portable Coach ya fito a 1998.

Abin da ya bambanta makarantarsa shi ne ba ta da aji. A lokacin, ta wayar tarho ake karatu. Akan ba ɗalibai lamba guda da lokaci, kowa ya buga daga gidansa ko ofishinsa, sai wata na'ura ta haɗa layukan wuri ɗaya yadda kowa ke jin kowa. Darasi kan ɗauki kamar awa guda, takardun karatu kuma a aika ta imel. Tsarin ya zo da nasa ladubban: ka faɗi sunanka kafin ka yi magana, ka kuma rufe muryar wayarka idan akwai hayaniya kusa da kai, don kukan yaro ɗaya ya isa ya hana aji duka ji. A 1998 ya buɗe TeleClass.com, inda wasu malamai ke tallata irin waɗannan darussa.

Wasu almajiransa kan ce shi ya ƙirƙiro taro ta waya. Wannan zuzutawa ce, domin kamfanoni sun daɗe suna amfani da shi kafin zamaninsa. Nasa aikin shi ne mayar da kayan taron 'yan kasuwa wurin karatu mai araha, a lokacin da intanet ba ta da ƙarfin ɗaukar murya da bidiyo sosai.

Daga baya ya kafa CoachVille, dandalin masu wannan sana'a a intanet. Ya rasu a jihar Arizona sakamakon bugun zuciya yana da shekara 47.