Ma'anar kalmar Yahudanci

Yahudanci shi ne addinin Yahudawa, kuma sunan ya samo asali ne daga Yahuza, na huɗu cikin 'ya'yan Annabi Yakubu maza goma sha biyu, wanda masarautar Yahudiya mai babban birni a Kudus ta ɗauki sunansa. Saboda haka a asali kalmar Bani Isra'ila ta fi faɗi, domin Isra'ila sunan Yakubu ne, ta kuma game dukkan ƙabilun.

Ginshiƙin addinin shi ne kaɗaita Ubangiji da riƙo da Attaura, amma siffar da aka san shi da ita a yau ta kankama ne bayan da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu na Kudus a shekara ta 70 Miladiyya. Da aka rasa wurin yanka hadaya, sai malamansu suka mayar da ibada ga addu'a da karatu, daga baya aka tattara muhawarorinsu a littafin da ake kira Talmud. Mai tsananin riƙo da waɗannan hukunce-hukunce ba ya kunna wuta ko tuƙa mota tun faɗuwar rana ta Juma'a har duhu ya shiga ranar Asabar, domin ita ce ranar hutunsu, kuma a gidansa tukunyar nama daban take da ta madara.

A kan wannan riƙo ne rassan suka rabu. 'Yan Otodoks suna ganin shari'ar saukakkiya ce, ba a taɓa ta. 'Yan Rifom, da suka ɓullo a Jamus a farkon ƙarni na 19, suna daidaita ta da zamani, har reshensu na Amurka ya amince a 1983 cewa ana iya gadon Yahudanci ta wajen uba, alhali tsohon hukunci ta wajen uwa ne. 'Yan Konsabatif suna tsakani. Rabe-raben Ashkenazi na tsakiya da gabashin Turai da Safardi, zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492, kuwa na tushe da al'ada ne.

Kuskuren da ya fi yawa a bakin jama'a shi ne ɗaukar Yahudanci da Sahayoniyanci a matsayin abu guda. Sahayoniyanci yunƙurin siyasa ne na kafa ƙasar Yahudawa, wanda ya yi babban taronsa na farko a birnin Basel na ƙasar Switzerland a 1897, kuma har yau akwai masu tsananin riƙo, irin su 'yan Satmar, da ke adawa da shi bisa hujjar cewa ba a kafa ƙasa kafin zuwan Almasihun da suke jira.